Jitar Bes Mai Tsada: Ina Kuɗin Ke Shiga?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da kwamitocin majami'u, da shugabannin ƙungiyoyin kiɗa, da masu situdiyo, da iyayen da yara suka matsa wa lamba a saya musu jitar bes, wato doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu ko biyar da ke riƙe gindin kiɗa. A situdiyoyin Kano yawanci da fiyano da kwamfuta ake haɗa bes, amma a majami'un Jos da Kaduna da Zariya da Yola, da wuraren biki, da ƙungiyoyin masu jita na Yamai da Agadas, har yanzu mutum ne ke rataya ta yana kaɗawa da yatsu. Duk kayan nan daga waje suke zuwa. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, saboda haka kuskure ɗaya wajen sayen bes yana iya cinye gudummawar da jama'a suka yi watanni suna tarawa. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san kuɗin talakawa ne.

Ra'ayina shi ne tsada tana sayen abu na gaske, amma zuwa wani mataki. Daga bes ta dala 200 zuwa ta dala 700 akwai tazara mai faɗi wadda hannu ke ji, kunne ma ya ji. Daga dala 700 zuwa 2,000 tazarar ta ragu sosai. Abin da ya haura dala 3,000, irin na kamfanin Fodera da ke Buruklin a birnin New York, wanda wasu kayansa ke wuce dala 10,000, yawancin kuɗin na kyan katako ne da ado da awannin gwanin da ya zauna ya yi ta da hannu bisa odar mutum ɗaya. Aikinsu abin girmamawa ne, amma wanda ke zaune a bencin baya ba zai ji zanen katako ba.

Dalilin yana cikin asalin abin. A 1951 Leo Fender, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Fender, ya fitar da Precision Bass, kuma tun farko ya tsara ta ne don masana'anta: falangen katako, wuya da aka ɗaure da sukurori huɗu, tsawon tsirkiya inci 34, da maganaɗisu mai ɗaukar sauti. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass. Har yau yawancin bes ɗin duniya jikokin waɗannan biyun ne. Yanzu inji mai kwamfuta ke yanke gangar jiki da wuya, ko a Indonesiya ko a Sin ko a Meziko ko a Amurka, kuma injin bai san ƙasa ba. Masana'antar Cort da ke Indonesiya tana ƙera wa kamfanoni da dama kayan da suke manna wa sunansu. Squier kuwa, wadda wasu ke rainawa, tun 1982 Fender ke sayar da kayanta masu rangwame da wannan suna. Abin da ya rage tsakanin mai araha da mai tsada shi ne aikin da inji ba ya ƙarasawa, da ingancin ƙarafa, da yadda aka busar da katakon.

Mu fara da wuya, domin nan ne ran bes yake. A kan wuyan akwai 'yan ƙarafa 20 zuwa 24 da makaɗa ke kira firet. Idan ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsayi da kaurin takarda kawai, duk lokacin da aka danna na bayansa tsirkiya za ta taɓa shi ta yi zizar da ke ɓata sauti. Abin da masu shago ke yi don ɓoye wannan shi ne su ɗaga tsirkiyoyi sama, sai makaɗi ya riƙa danna su da ƙarfi, kafin a gama waƙa uku hannunsa ya sage. A bes mai tsada mutum ya zauna ya goge ƙarafan sun zama daidai, ya mayar wa kowanne da ƙwaryar kansa, ya kashe kaifin gefe. Wasu kamfanonin ma suna amfani da injin Plek na Jamus mai auna kowane firet. Wannan aiki kuɗi ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ana iya yin sa daga baya. Mai gyara zai cire tsirkiyoyi ya miƙar da wuyan sarai, ya shafa maka, wato tawadar alƙalamin nan mai kauri, a kan kowane firet, ya bi da miƙaƙƙen ƙarfe mai samfefa har makar ta goge a ko'ina, sannan ya zagaye kan kowanne da magagari ya goge shi ya yi sheƙi. Aikin yini ɗaya ne, kuma yana mayar da bes ta dala 300 abin da hannu ba zai ƙi ba. Mai saye ma yana iya gwadawa a shago da katin ATM: a tsayar da gefensa a kan firet uku a jere, in ya yi rawa yana ƙwas-ƙwas, na tsakiyar ya yi tsayi.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne murɗaɗɗen wuya. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kusa kilo 80, dare da rana. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke ja da baya don ta tsayar da shi. Sandar tana gyara lanƙwasa ta gaba ko ta baya, amma in katakon ɗanye ne aka yi aiki da shi ya murɗe kamar igiya, gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, babu alankin da zai dawo da shi. A nan ne araha ba ta ado. Masu tsada suna zaɓen katakon da ya daɗe yana bushewa, wasu su haɗa sala uku ko biyar su manne, wasu su gasa katakon, wasu su saka sandunan girafait a ciki. Duk wanda zai saya ya ɗaga bes ɗin ya sa ido daga kai ya hango wuyan zuwa ƙasa kamar mai duba gorar bindiga, ya duba gefen dama ya duba na hagu. Lanƙwasar ta zama iri ɗaya. Sannan ya sa mai shago ya juya sandar a gabansa kaɗan, gaba da baya. In kan notin ya cinye, ko sandar ta ƙi motsi, ko an riga an ɗaure ta ƙarshe kuma wuyan na nan a lanƙwashe, a ajiye ta ko da sunan wa ke jikinta.

Yanayinmu kuma ba ya jin kunyar suna. Masu ƙera kayan kiɗa suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano da Sakkwato da Damagaram lokacin hunturu tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, in damina ta kankama a watan Agusta kuma ta haye sama sosai. Katako yana tsukewa da bushewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa a watan Janairu za ka ji bakin firet ya fito a gefen wuya yana yankar hannu. Galibi a rani wuyan kan ƙara lanƙwasowa gaba tsirkiya ta yi sama, da damina fuskar wuyan, wato katakon da firet ke zaune a kansa, ta kumbura ta tura shi baya a fara jin ziza a firet na farko-farko. Bes ta dala 3,000 mai fuskar baƙin katakon eboni ta fi saurin tsagewa a hunturu a kan mai araha da aka lulluɓe da fenti mai kauri. Maganin ba shi da tsada: akwati mai rufewa, da soso mai ɗan danshi, ba mai ɗiga ba, a cikin gidan sabulu da aka huda, a ajiye shi cikin akwatin a riƙa jiƙa shi duk bayan kwana uku ko huɗu. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana, kada a jingina ta da bango ƙarƙashin rufin kwano daga Lahadi zuwa Lahadi. Fuskar wuya mai duhu wadda ba a fenta ba tana son ɗigo kaɗan na farin man da ake sayarwa don wannan aiki, sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge shi tas. Man gyaɗa yana yin ɗoyi ya yi danƙo, baƙin mai kuwa ɓarna ce.

Yawancin bes ɗin da ake kira marasa kyau saiti ne ba a taɓa yi musu ba, kuma saitin yana da tsari, in an tsallake mataki sai an dawo. Da farko a ɗaure tsirkiyoyi a kan muryarsu da na'urar tuna, wato mai nuna ko muryar tsirkiya ta yi daidai. A danne tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da na ƙarshe lokaci ɗaya, a duba ratar da ke tsakaninta da kan firet na 8. Ana son wajen milimita 0.3, kusan kaurin katin gayyata; fila geji irin na makanikai yana auna shi daidai. In ratar ta yi yawa a ɗaure sandar, in babu rata sam a sassauta, kuma kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, a bari katako ya zauna kafin a ƙara. A yi amfani da alankin da ya shiga cif, domin na Amurka da inci ake auna shi, na Asiya da milimita, kuma alanki mai lako-lako shi ke cinye kan noti. Bayan haka a koma kan jaki, inda tsirkiyoyi ke zaune a ƙasa, a daidaita tsayinsu: a firet na 17, wajen milimita 2.4 ga mai kauri, milimita 2 ga siririya. Mai duka da ƙarfi ya ƙara kaɗan. Sai maganaɗisu: in an danna firet na ƙarshe, a bar wajen milimita 3 tsakaninsa da tsirkiya mai kauri; in ya matso fiye da kima yana jan tsirkiya murya ta riƙa rawa. Na ƙarshe shi ne gaskiyar murya. A kaɗa tsirkiya ba tare da an danna ta ba, sannan a danna firet na 12 a kaɗa. In na'urar tuna ta nuna muryar na 12 ta yi sama a ja mazaunin tsirkiyar baya, in ta yi ƙasa a turo shi gaba. A Arewa wannan saiti sau biyu ake yin sa a shekara, farkon hunturu da farkon damina, ga mai tsada da mai araha baki ɗaya.

Ɓangaren wuta shi ne inda ake yawan ruɗin mai saye. Abin ɗaukar sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, babu wani sirri a ciki. Abin da ke fara mutuwa a bes mai araha shi ne ramin da ake cusa waya, da maɓallan murya, da liƙin dalma. Duk ana canza su da kuɗi kaɗan: rami mai kyau irin na Switchcraft, maɓalli mai lamba 250k, kuma duk mai gyaran rediyon da hannunsa ya faɗa zai iya. Ƙurar hunturu ce ke sa maɓalli ƙarar-ƙarar in an murɗa shi, feshin wanke kayan wuta ya isa. Gurnanin nan kuma da ake ji ko ba a kaɗa ba, daga wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa yake, da fitilu da janareta. Jazz Bass takan yi shi in an buɗe maganaɗisu ɗaya kaɗai, in an buɗe biyun daidai sai su kashe wa juna. Precision tun 1957 aka raba nata gida biyu don wannan dalili, shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da ɗakin da wayarinsa ba shi da tabbas. Sauran ƙarar ana rage ta da liƙa takardar tagulla a cikin ramin maɓallai a haɗa ta da wayar da ke ƙarƙashin jaki.

Akwai masu batir a ciki, salon da bes ɗin StingRay ta kamfanin Music Man ta yaɗa tun 1976. Suna da ƙarfi da tsabtar murya, amma batirin mai bolt 9 yana fara ci ne da zarar an cusa waya, ko ana kiɗa ko ba a yi. A bar waya a jiki mako guda, ranar taro murya ta fara dishewa tana tsagewa. Batirin jabu kuma yana zubar da ruwa ya cinye wayoyi. Wanda zai sayi irin wannan ya nemi mai maɓallin da ke kashe ɓangaren batir a ci gaba da kiɗa, kamar yadda kayan kamfanin Sire da wasu samfuran Yamaha da Ibanez suke da shi.

Ina roƙon kwamitoci su kula da wata magana da ta fi sauti muhimmanci. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, ko wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, makaɗin da hannunsa ke kan tsirkiya leɓensa ya taɓa makirfo yana iya shan shokin mai kisa. Bes ta miliyan goma ba ta kare shi. A kira mai wayarin ya binne sandar ƙasa yadda ya kamata, a ja wutar kayan kiɗa duka daga layi ɗaya, a sa sitabilaiza. Wannan ya riga sayen kowace jita.

Sai amfilifaya, inda na fi ganin ana tafka asara. Tsirkiya mafi kauri a bes mai huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar kuwa sau 31. Fitar da irin wannan murya yana bukatar tura iska mai yawa. Ƙaramar amfilifaya mai wat 15 da sifika inci 8 ta koyo ce a ɗaki; a ɗakin taro mai ganga ana bukatar wat 200 zuwa 300 da sifika inci 15, ko inci 10 guda biyu zuwa huɗu. In aka cusa bes a amfilifayar ƙaramar jita aka ƙure murya, takardar sifikar ce za ta yage. In za a ƙara akwatin sifika a duba om, wato lambar da ke nuna turjiyar sifika ga wuta: biyu masu om 8 in an haɗa su sun zama 4, biyu masu om 4 sun zama 2, kuma yawancin amfilifaya ba sa jure ƙasa da 4, sai su yi zafi su ƙone. Inda akwai mikisa, ƙaramin akwatin da ake kira DI, mai haɗa bes da mikisa, yana kai mata sautin kai tsaye, kuma maɓallinsa na yanke ƙasa a wayar sauti, ba ta soket ba, yakan kashe gurnani nan take. Da za a raba kuɗin gida goma, shawarata huɗu ga bes, huɗu ga amfilifaya, biyu ga akwati da waya mai kyau da tsirkiya da ladan mai saiti. Bes matsakaiciya a amfilifaya mai kyau takan cika ɗaki. Mai tsada a ƙaramar sifika kuwa ba ta da inda za ta fitar da abin da aka biya.

Tsirkiya ma tana canza murya fiye da yadda katako ke yi. Saitin da aka fi amfani da shi shi ne mai lambar kauri 45 ga siririya zuwa 105 ga mai kauri. Gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗin su kashe ƙarar cikin 'yan watanni, don haka a wanke hannu kafin kiɗa, a goge kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan an gama. Dafa su a ruwan zafi yana dawo da ƙara na ɗan lokaci, amma in ba a busar da su sosai ba tsatsa ce ke biyo baya. Ƙungiyar da ba ta da halin canzawa akai-akai ta sayi masu santsin baya, suna shekaru ba su canza ba. James Jamerson, gwanin bes na kamfanin Motown a Amurka, irinsu ya yi ta amfani da su a kan Precision ɗinsa, kuma an san shi da ƙin canza su.

To wa ya kamata ya sayi mai tsada? Wanda bes ce sana'arsa, yana ɗaukar waƙa a situdiyo inda makirfo ke tona kowane aibi, ko yana yawon wasa gari-gari yana bukatar abin da ba zai ba shi kunya ba. Haka mai son tsirkiya biyar: ta biyar ɗin a bes mai araha takan yi laɓo-laɓo muryarta ta dagule, kuma wuya mai tauri ko tsawon inci 35 ne ke tsayar da ita, don haka gara mai huɗu ta kirki da mai biyar ta ƙasan layi. Nauyi ma abin dubawa ne, domin bambancin kilo 4 da kilo 5 a kafaɗa awa uku ba ƙarami ba ne, kuma bes ɗin da kan wuyanta ke rinjaya ƙasa tana sa hannun hagu ya zama mai tallafe maimakon mai kiɗa. Manyan sunaye kuma suna riƙe darajarsu in an tashi sayarwa, abin da ya sa ta hannu mai lafiyayyen wuya takan fi sabuwa riba. Amma ko mai tsadar tana iya zuwa da matacciyar murya, galibi a siririyar tsirkiya tsakanin firet na 5 da na 7, inda sauti ke mutuwa da wuri. Sai an kaɗa ake ganewa.

Babban haɗarin kasuwarmu shi ne jabu. Tambarin Fender sitika ce da kowa zai iya bugawa, kuma da yawa daga abin da ke rataye da wannan suna a shaguna bai taɓa ganin Amurka ko Meziko ba. Tun 2010 lambar jikin ta Amurka yawanci da US take farawa, ta Meziko da MX, sai shekarar ƙira ta biyo, kuma ana iya duba lambar a shafin kamfanin. Amma masu jabu ma suna kwafar lamba, don haka farashi ne babban mai shaida. Duk sabuwar da aka ce ta Amurka ce ana sayar da ita kuɗin Squier, ba ita ba ce. Yamaha ko Cort ko Squier ta gaskiya ta fi Fender ta ƙarya nesa ba kusa ba, domin mai jabu a kan sitika ya kashe kuɗinsa, wuyan kuwa ko oho.

Kada kwamiti ya tura kuɗi bisa hoton waya, cinikin biri a sama ke nan. A tafi da wanda zai riƙa kaɗa ta, da na'urar tuna, da waya tasu. Ya fara kaɗa ta ba wuta ya ji ko wani abu na karkarwa, sannan a cusa ta a amfilifaya ya bi kowane firet a kowace tsirkiya tun daga kai har ƙasa, ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza wayar a raminta, ya rataya ta ya saki hannu ya ga ko kan zai faɗi. In akwai guda uku iri ɗaya a shagon a gwada dukansu, don ba sa zama ɗaya. A rubuta lambar jikinta a rasit, a kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa za a iya dawo da ita cikin mako biyu, domin bes ɗin da ta taso daga laimar Legas sai ta kwana goma a iskar Arewa kafin wuyanta ya nuna halinsa.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai gyaran kayan kiɗa, Kaduna